Jan San da Malam Ilu Ya Saya

Ranar Alhamis tun da hantsi karar Maigatari, wato kasuwar shanu, ta cika. Wasu shanun da ƙafa suka shigo daga tsallaken iyaka, wasu kuma daga manyan motoci aka sauko da su, dillalai suna kai-komo a tsakaninsu da sanduna a kafaɗa. Kwana goma ke nan da saukar ruwan shuka, gero ya tsiro, saboda haka masu neman shanun huɗa sun fi masu neman na yanka yawa.

A bakin karar akwai jerin rumfunan masu sayar da magungunan dabbobi. Ta uku daga ƙofa ita ce ta Abdulƙahhar, wanda duk kasuwar ke kira Likita. Ya yi shekara ashirin yana sayar da magani, yana da farar riga mai aljihu uku, hannunsa kuma ba ya rawa wajen allura. Sai dai bai karanci aikin ba. Da aka matsa wa masu shaguna cewa kowa ya nemi mai takarda, sai ya ɗauki Safara'u.

Safara'u ta yi shekara uku tana karatun lafiyar dabbobi. A Gumel take aure, sauran kwanakin mako tana tsaron shagon Abdulƙahhar na can, ranar Alhamis kuma ta biyo motar farko zuwa Maigatari. Wurin zamanta a rumfar wani benci ne a can ciki, bayan kwalaye. Idan makiyayi ya zo da bayanin ciwo, Abdulƙahhar yakan saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Bari in duba ko muna da shi," ya leƙa ciki. Ita kuwa ta riga ta ji komai. Sai ta miƙo masa kwalbar, ta rubuta yawan allurar da kwanakinta a jikin kwali. Ya fito ya faɗa kamar daga kansa, makiyayi ya tafi yana sa wa Likita albarka.

Ba mugun mutum ba ne. Malama yake kiranta, kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sau ɗaya ta roƙe shi ya bar ta ta fita ta duba wata saniya da haihuwa ta zo wa da gardama. Ya ce, "Malama, ni ba ni da damuwa. Amma mai saniyar nan ba zai tsaya mace ta sa hannu a cikin dukiyarsa jama'a na kallo ba. Gobe kuma ba zai dawo rumfar nan ba." Tun daga ranar ba ta sake tambaya ba.

A wannan Alhamis ɗin, tana jera kwalabe ta ji muryar da ta sani a waje.

"Salamu alaikum. Likita, ya kasuwa?"

Ta fito da sauri ta durƙusa. "Baba, sannu da zuwa. Yau kai ne a Maigatari?"

"Ni ne, uwata. Ya mai gidan naki? Ya jikata, amaryata Humaira, ta daina kukan makaranta?"

"Ta daina. Kullum sai ta tambayi angonta. Ya Inna?"

"Tana nan lafiya, tana gaishe ki."

Malam Ilu manomi ne a Ɗanzomo, ya haura sittin. Shanun huɗa biyu gare shi, amma da bazara ɗayan ya zame a bakin rijiya ya karye, aka yanka. Saura Fari. Tun yana maraƙi Malam Ilu ya saye shi, shi ya hore shi da hannunsa, shekara takwas ke nan suna tare. Fari ya san hanyar gona, ya san ta gida. In gyangyaɗi ya ɗauke Malam Ilu a kan amalanke, ba ya farkawa sai a ƙofar zaurensa. Amma garmar ta shanu biyu ce, huɗa kuma ta matso.

"Hudu dillali ya yi min waya," in ji Malam Ilu. "Ya ce jiya an shigo da wani ja, tsayinsu ɗaya da Fari, kuma horarre ne."

"Bari in ɗauko mayafina in duba maka shi."

Malam Ilu ya dubi Abdulƙahhar, ya dubi mutanen da ke tsaye a rumfar, sannan ya yi murmushi. "Yi zamanki, uwata. Tun ba a haife ki ba nake sayen sa."

Ya shiga kara. Mata ba sa shiga wurin, iyakarsu bakin katanga, inda masu fura da masu abinci ke zama. Safara'u ta ɗan jira, sannan ta yafa mayafi ta je ta tsaya a inda katangar ta fi gajarta. Daga nan tana hango mahaifinta, amma hayaniya ba ta barin ta ji abin da ake faɗa.

San kyakkyawa ne, jawur, mai dogayen ƙaho da cikakken tozo. Mai shi wani dogon mutum ne mai rawani daga tsallake. Hudu, siririn dillali mai zaƙin baki, yana ta bubbuga tozon yana zuba. Malam Ilu ya buɗe bakin san ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafafu ya duba kofato, sannan ya yi nuni a zagaya da shi. Aka ja shi da ɗan gudu, aka dawo. Da ya tsaya sai ya miƙe wuya gaba, ya buɗa ƙafafun gaba, ya yi wani tari a hankali har sau biyu, kamar mai jin zafin yin sa.

Safara'u ta san wannan tsayuwar, ta san wannan tarin. Ciwon huhu ne. Ta kuma san akan yi wa irin wannan sa allura kafin a kawo shi kasuwa, ciwon ya lafa na wasu kwanaki. Ta numfashi ake ɗaukarsa, shanun huɗa kuwa wuni suke yi a ƙarƙashin karkiya ɗaya, hanci kusa da hanci. Ba jan san take tunani ba. Fari take tunani.

Ta ga mahaifinta ya ɗora hannu a haƙarƙarin san, ya ce wa Hudu wani abu. Ta ga Hudu ya kama hannunsa yana ja wajen hannun mai rawani. A kara, da zarar hannu ya haɗu an ce Allah ya sa albarka, ciniki ya faɗa, babu komawa baya. Ba ta san sa'ar da ta ɗaga murya ba.

"Baba! Kada ka saya! Ciwon huhu gare shi!"

Masu ciniki a gefe suka juyo. Hudu ya saki hannun Malam Ilu, ya sa tafinsa a goshi kamar mai hangen nesa.

"Ikon Allah! Malam Ilu, ashe da mai duba ka zo? Ai da ka faɗa min, da na sa an kawo mata kujera."

Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Yanzu haka hular nan ta kansa ma ita ta zaɓa."

Mai rawani bai yi dariya ba. "Wace ce wannan take ɓata min dukiya a bainar jama'a? In duba za a yi, a kira lokotoro, likitan dabbobi. Namiji."

Aka kira Abdulƙahhar. Ya zo da farar rigarsa, ya ɗaga fatar idon san, ya leƙa hanci, ya zagaya shi. Sau ɗaya ya saci kallon katanga. Rabin masu sayen maganinsa Hudu ne ke turo su.

"Gajiyar hanya ce," in ji shi. "Kwana nawa yana tafe? A ba shi ruwa da dusa, ya huta."

"To, Malam Ilu," in ji Hudu, yana buɗa hannuwa, "ga maganar Likita, ga ta 'yarka. Mu namu ido. In kuma sai ka koma gida an zauna shawara a ɗaki, ba komai, Alhamis ba ta ƙarewa."

Malam Ilu bai dubi katanga ba. Sai ya miƙa hannu.

"Na saya."

"Allah ya sa albarka!"

Da Malam Ilu ya fito da san a igiya, ta wata ƙofar ya bi.

Bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa, Abdulƙahhar ya shigo bayan kwalaye ya tsaya yana juya makulli a hannu.

"Malama, dillalai uku sun same ni. Sun ce in za a riƙa yi musu shela daga rumfata, akwai wasu rumfunan. Daga yau ki riƙa zama a shagon Gumel har da Alhamis. In ina da tambaya zan kira ki."

"Ka ji tarin?"

"Na ji."

"To?"

"To me, Malama? Ni a kasuwar nan nake cin abinci."

Ranar Asabar ta tafi Ɗanzomo. Ba ta sami mahaifinta ba, an ce ya tafi gona. Kafin ta zauna sai da ta leƙa bayan gida, inda ake ɗaure shanu. Fari da jan san suna nan a turke biyu maƙwabta, kwamin ruwa ɗaya a tsakaninsu. Ta dawo tsakar gida, inda mahaifiyarta, Inna Sauda, ke tankaɗe.

"Tun ranar Alhamis bai ci tuwon kirki ba," in ji Inna Sauda, ba ta ɗago ba. "Kin san ya riga ya gani?"

"Ya ga me?"

"Tarin. Shi ma ya ji shi. Da ya danna haƙarƙari san ya yi nishi. Cewa yake yi da Hudu ya fasa, Hudu yana jan hannunsa yana lallashi. Sai ga muryarki."

Safara'u ta zauna a bakin tabarma. "To in ya gani, me ya sa ya saya?"

"Ke ma kin sani. A ce Ilu ya fasa ciniki don mace ta daka masa tsawa a tsakiyar kara? Da wane ido zai zauna a ƙofar masallaci?"

"Ba tsawa na yi ba, Inna."

"A kunnensu tsawa ce." Inna Sauda ta kakkaɓe rariya. "Shekara talatin da biyar ina zaune da ubanki. Ban taɓa ce masa yi kaza a gaban wani ba. In ina son abu, sai in ajiye maganar kusa da shi in tashi. Bayan kwana biyu ya zo ya ce min ya yi wani tunani, in ce kai, wannan tunani ya yi."

"Ni karatu na yi, Inna. Shekara uku."

"Na sani. Shi ya kai ki da kansa, yana ɗauke da akwatinki, 'yan garin nan suna cewa ya rasa abin yi. Ba don bai yarda da ke ba ne. Kunya kika ba shi, su kuma suka rufe masa hanyar fita."

Safara'u ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta yi wa mahaifiyarta bayani dalla-dalla, kamar yadda aka koya mata. A raba su. A kai jan can nesa, inda numfashinsa ba zai kai ga Fari ba. Kowa da abin shan ruwansa. Kada a haɗa su a karkiya, ko da mako uku ne, a ga abin da zai bayyana.

"Mako uku da damina?" in ji Inna Sauda. "To. Zan ajiye masa."

Bayan kwana biyu ta yi wa Safara'u waya. Malam Ilu ya yi wani tunani, ya ce shanun ba su saba ba, kada su yi faɗa. Ya kafa sabon turke a ƙarƙashin tsamiyar ƙarshen fili, ya mayar da jan can, ya yanka tsohuwar jarka ya yi masa abin shan ruwa.

Kwana tara aka yi a haka. Jan sa yana cin harawa, yana tuƙa, tarin ma ba a cika ji ba. A rana ta goma aka yi ruwa mai yawa, ƙasa ta jiƙu sosai. Gero ya isa huɗa, ciyawa ta taso tana neman rufe shi. Duk mai shanu a Ɗanzomo ya fita da garma, sai Malam Ilu. Bayan sallar azahar, a ƙofar masallaci, maƙwabcinsa Shehu ya dube shi yana sa takalmi.

"Malam Ilu, jan san nan na ado ka saya? Ko likitar Gumel ce ba ta ba da sallama ba tukuna?"

Mutane suka yi dariya, irin ta wasa tsakanin tsofaffin abokai. Malam Ilu ma ya yi. Washegari da sassafe ya ɗora wa Fari da jan karkiya.

Cikin kwana takwas suka gama gonarsa, suka yi wa maƙwabta biyu tasu. Jan sa yana da ƙarfi, yana bin kunya ba karkace. Da yamma sukan sha ruwa a kwamin bakin famfon tuƙa-tuƙa tare da sauran shanun gari. Mutane suka yi ta yaba san. Hudu har saƙo ya aiko ta wani direba, wai a gaya wa Malama san yana gaishe ta.

Saƙon ya isa Gumel. Safara'u ba ta ji haushi ba. Roƙon Allah take yi ya zama ita ce ta yi kuskure. Ta gwammace a yi ta yi mata dariya har ƙarshen rayuwarta a kan maganarta ta tabbata.

Mako biyar da sayen sa, jan ya daina cin abinci. Cikin kwana uku ya kwanta. Malam Ilu ya kira mahauta suka yanka, bai yi wa kowa bayani ba, ya kuma ce da Inna Sauda kada ta faɗa wa Safara'u, don kada hankalinta ya tashi. Inna Sauda ba ta faɗa mata ba. Tana lura da shi kullum da safe, yana tsaye a bakin turken Fari, kansa a karkace yana sauraro.

A tsakiyar watan Agusta, ana cikin marka, Fari ya yi tarin farko.

Malam Ilu bai kira 'yarsa ba. Abdulƙahhar ya kira, shi kuma ya zo a kan babur ya yi allura. Ya dawo ya sake, ya kuma dawowa ya sake. Wata Laraba da safe Safara'u tana share shagon Gumel wayarta ta yi ƙara.

"Malama, tambaya gare ni. In babban sa yana numfashi da ƙyar, ya daina tuƙa, an yi masa allurar nan sau uku bai motsa ba, me ake ƙarawa?"

"San wa?"

"Na wani mutum ne, can wajen Sule Tankarkar."

"Fari ne?"

Tana jin numfashin Abdulƙahhar a wayar.

"Yau kwana tara," in ji shi.

Ta rufe shagon, ta ɗauki jakarta, ta tafi tasha. Kafin azahar tana Ɗanzomo.

Da ƙyar ta gane Fari. Tozon ya kwanta, ana ƙirga haƙarƙarinsa, yawu yana zuba daga bakinsa. Yana tsaye ya miƙe wuya, ƙafafun gaba a buɗe, kowane numfashi da nishinsa. Malam Ilu yana zaune kusa da shi a kan kifaffen turmi, yana kora masa ƙudaje da reshen dogon yaro.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a hankali. Ba ta nemi izini ba, shi ma bai hana ba. Babu kowa a wurin sai su biyu. Ta fito da abin sauraren ƙirji ta ɗora a gefen hagu. Ta matsa gaba, ta matsa ƙasa, ba ta ji shigar iska ba. Ta ƙwanƙwasa da yatsu, sautin ya fito kamar na tulun da ke cike. Ta zagaya dama. A can akwai numfashi, amma da wani gurzo a cikinsa. Fari ya juyo da kai ya shinshina mayafinta, kamar yadda yake yi tun tana budurwa tana kawo masa dusa.

Ta tsuguna kusa da mahaifinta, ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta a ƙasa.

"Baba, ɓangaren hagu ya cika da ruwa, huhun ya manne da haƙarƙari. Na dama ma ya kamu."

"Babu wata allurar?"

"Babu wadda za ta kai wurin yanzu. Ba zai kai jibi ba. In ba a yanka shi yau ba, mushe za a ja."

Malam Ilu ya ajiye reshen. Ya tashi ya shafa wuyan Fari, ya sosa masa gindin ƙaho, inda yake so. Ya daɗe a haka.

"Shekara takwas," in ji shi. "Bai taɓa harbina ba."

Ya fita ta zaure. A ƙofar gida maza sun taru, don labari ya zagaya cewa san Malam Ilu ya yi nauyi, Abdulƙahhar ma ya iso a kan babur ɗinsa. Katangar gidan ba ta da tsawo, duk abin da aka faɗa a waje ana jin sa a ciki.

"Likita ya duba," in ji Malam Ilu. "Ya ce a yanka."

"Haka ne," in ji Abdulƙahhar. "Haka ne. Shi ne mafita."

Aka kira mahauci. Mutum biyu suka shigo suka kwance Fari, Safara'u ta koma tsakar gida ta zauna kusa da mahaifiyarta. Ta ƙofar baya aka fita da shi, yana takawa da ƙyar. Da ya kai hanya sai ya karkata wajen gona, sai da aka juyo da shi. Inna Sauda ta jawo faifai ta hau tsince wake, don hannunta ya sami abin yi. Suka ji an kayar da shi, suka ji an yi bismilla. Daga nan sai ƙarar wuƙa da gatari, da maganganun masu riƙe ƙafa.

Can mahauci ya ɗaga murya. "Subhanallahi! Ku zo ku ga huhu. Ya daskare kamar hanta, sai da na sa wuƙa na ɓamɓaro shi. Dubi ruwan da ke ciki."

Aka yi ta salati. Sai muryar Shehu ta fito, ba da wasa ba wannan karon, da tausayi yake magana.

"Ni tun ranar da aka ce yarinyar nan ta furta a tsakiyar kasuwa na san ba za a ƙare lafiya ba. Sa lafiyayye, duk mun ga aikinsa a gona. Ta ambaci ciwo, ga ciwo ya ci ja, ya dawo ya ci fari. Baki ne ya kama su."

"Wallahi kuwa," in ji wani. "Wasu matan bakinsu ba ya faɗuwa ƙasa."

"Ka riƙa neman tsari, Malam Ilu, ko da 'yarka ce. Ba da gangan take yi ba."

Hannun Inna Sauda ya tsaya a kan faifai. Safara'u ba ta motsa ba. Akwai mutum biyu a wajen nan da suka ji tarin tun a Maigatari, tun kafin ta buɗe baki. Ta kasa kunne. Abdulƙahhar bai ce komai ba, sai ƙarar babur ɗinsa da ta ji an tayar. Saura ɗaya. Ta jira.

"Ku raba naman," in ji Malam Ilu. "Hadari yana haɗuwa."

Inna Sauda ta ci gaba da tsince wake. Wani ɗigo ya faɗa a faifan, ta share shi da yatsa.

An yi la'asar kafin Malam Ilu ya shigo. Jini ya bushe a hannuwansa har gwiwa, don shi ya riƙe kan. Ya tsaya a bakin rariya yana waige-waigen buta. Safara'u ta tashi ta ɗauko, ta cika ta a randa, ta zo ta durƙusa a gabansa. Ya tsuguna ya tara hannu, ta fara zuba masa.

"A haƙa rami a binne huhun, Baba. Naman ba ya cutar da mutum. Amma shanun da suka sha ruwa tare da su a bakin tuƙa-tuƙa, a sa musu ido."

"Na binne shi da kaina." Ya murza yatsunsa, jan ruwa yana bin rariya. "Ya manne da haƙarƙari. Yadda kika ce."

"Na ji mahauci."

"Kin ji sauran ma?"

"Na ji."

Bai ɗago ba. Ya juya hannuwansa, ta zuba a bayansu.

"Ba zan iya faɗa musu ba, uwata."

"Na sani, Baba."

Hannuwan sun riga sun fita, amma bai janye su ba. Ita ma ba ta daina zubawa ba, har ruwan butar ya ƙare.